A Koya Wa 'Yan Sakandare Ƙa'idar De Morgan

Idan mai shago ya musanta cewa yana da shinkafa kuma yana da man gyaɗa, da yawa za su ɗauka duka biyun sun ƙare. Kuskure ne, domin abin da ya faɗa kawai shi ne aƙalla ɗaya babu. Wannan ita ce ƙa'idar da ake dangantawa da Augustus De Morgan, masanin lissafi na Birtaniya da ya wallafa littafinsa na manɗiƙi a 1847: in za a kore magana biyu da "kuma" ya haɗa, sai a kore kowacce, "kuma" ya koma "ko". Haka take a juye. Da ya musanta cewa yana da shinkafa ko mai, to duka biyun babu. A ganina, bai kamata ɗalibi ya gama sakandare bai ƙware a wannan ba.

Wasu za su ce ai hankali ya isa. Amma hankali yakan yi tuntuɓe idan sharuɗɗa suka cakuɗe, kamar a takardar kwangila ko shaidar kotu, inda "ko" guda ke iya sauya hukunci. Masu cewa ƙa'idar ba ta da amfani kuwa, su tuna a 1937 Claude Shannon ya nuna cewa makunnan lantarki na bin lissafin George Boole, wanda ƙa'idar De Morgan ke cikinsa, kuma da wannan juyi na "kuma" da "ko" injiniyoyi ke sauƙaƙa tsarin sassan kwamfuta.