Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Bayan haka, mai karatu ya sani, a ƙasar Amurka ƙungiyar SCCA tana shirya wani irin tseren motoci. Ana jera turakun roba a fili, motoci su bi tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, agogo yana lissafi. Wanda ya kayar da turke, a ƙara masa daƙiƙa 2. A sashen motocin da ba a taɓa injinsu ba, an yi saɓani: shin tsohuwa tana iya ja da sabuwa?

Jawabi shi ne tana iyawa, bisa sharaɗi. Hanyar duk kwana ce, saboda haka rashin nauyi ya fi ƙarfin inji amfani. Doka kuma ta yarda a sake taya da shokozoba. Shi ya sa Mazda Miata ta 1999 da Toyota MR2 Spyder suka daɗe suna cin ajinsu a babbar gasar Lincoln.

Amma idan aka haɗa tsohuwa aji ɗaya da sababbi masu ƙarfi da faɗin taya, gwanintar direba ba ta wadatarwa. Wajibi ne mai saye ya fara bincika ajin mota kafin ya tambayi shekarunta.