Tudun Ƙasa Ba Juji Ba Ne

Duk shekara idan salla ta gabato, motoci kan cika a Agege da Sabo ta Badun da Shagamu, jama'a na haramar gida. Waɗanda za su Barno da 'ya'yansu haifaffun Kurmi ya kamata su san abin da ke binne a ƙasar da za su taka.

Tsohuwar Maiduguri ƙauye ce tun kafin Turawa su kafa Yerwa kusa da ita a 1907, inda Shehu Garbai ya tare. Yau gari ya haɗiye ta. To, amma ko ita ma jaririya ce. Doguwar tungar rairayin nan da ta ratsa Maiduguri ta nufi Bama, gaɓar Tafkin Chadi ce ta zamanin da. A kanta ne, a Konduga, aka tono sakainun tukwane masu shekara fiye da 6,000. A Gajiganna kuwa, kan hanyar Monguno, malaman Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt ta Jamus sun tono tuddan da makiyaya suka zauna kusan shekara 3,800 da suka wuce. Wanda ya je ba zai ga fada ko ganuwa ba. Tudu ne kawai da ɓaraguzan tukwane, shi ya sa ake raina shi.

Rainin nan ne abin tsoro. Masana na gane shekarun abu ne daga zurfin da yake kwance da kayan da ke kewaye da shi. Da zarar an ɗauke shi an sa a jaka, an kai wa masu sayen kayan gargajiya a Ikko, labarinsa ya mutu, ko da an sami 'yan kuɗin cefane. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana wannan ciniki. Bafulatanin da ya ci karo da kwalekwalen Dufuna yana haƙar rijiya a 1987 bai sare shi ya yi makamashi ba, aka sanar da hukuma, ga shi an gane ya kai shekara 8,000.

Tun 2009 hanyoyin ƙauyukan Barno ba su da tabbas, saboda haka kada kowa ya kama hanyar Gajiganna da yara sai ya tambayi mutanen gari. Idan ba hali, a kai su gidan adana kayan tarihi na Maiduguri da ƙofar fadar Shehu, sannan a nuna musu tungar rairayin, a gaya musu da can ruwa ne a nan.