Ba Manomi Ne Ya Cinye Harappa Ba

Duk lokacin da aka tashi maganar lalacewar kufan tarihi a Punjab, mutum ɗaya ake nuna wa yatsa, wato manomin ƙauye. Wai shi ne jahilin da ke bi da garma ta kan tarihi, yana kwasar tsohon bulo yana gina garken shanu, don haka magani shi ne a ja waya, a kafa allo, a kore shi. Ra'ayin ya samu gindin zama a ofisoshi da jaridu har ba mai tuhumarsa, alhali abin da ya faru a Harappa ya isa ya rushe shi.

Harappa ƙaramin gari ne na manoman alkama da auduga a gundumar Sahiwal ta Pakistan, kusa da tsohuwar magudanar kogin Ravi. Wani sashensa yana zaune ne a kan tudun birnin da ya bunƙasa daga 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙarni bayan ƙarni ana noma a gindin wannan tudu, ganuwarsa na nan. Babbar ɓarna ta zo ne a tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da masu shimfiɗa layin dogo daga Lahore zuwa Multan a ƙarƙashin mulkin Ingila suka ga tulin gasasshen bulo a ɓagas. Suka farfasa shi, suka zuba ƙarƙashin dogo a madadin tsakuwa. Alexander Cunningham, shugaban hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya a lokacin, ya rubuta cewa bulon da aka kwashe ya isa shimfiɗar kimanin mil 100. Da ya koma wurin a 1872, gine-ginen da ya gani a baya sun ɓace. Abin da masanin kayan tarihi Daya Ram Sahni ya fara tonowa a 1921 ragowa ce kawai. Masu ilimi ne da taswira da izinin gwamnati suka yi wannan aika-aika. Haka kuma a 2005, ba manomi ba ne ya ɓullo da shirin gina wurin wasan yara a harabar, shirin da sai da magina suka ci karo da kayan tarihi kafin a jingine shi.

Za a ce ai mutanen gari ma sun ɗebi bulo, kuma yau tarakta na baje ƙananan tuddai a faɗin Punjab. Gaskiya ne. Amma mai ɗiba da jaki don gyara katanga ba ɗaya yake da mai ɗiba da tarago ba. Shi kuwa mai baje tudu, lissafi yake yi. Dokar kayan tarihi ta 1975 ta hana sabon gini cikin ƙafa 200 daga wurin da aka kare sai da izini, ma'ana ranar da aka gano tukunya a gonarka har aka kare wurin, ranar ce hannunka ya ɗaure. Wanda aka sa wa wannan sharaɗi ba tare da diyya a kan kari ba, an koya masa ya yi shiru ya ƙara zurfin garma. Zaginsa barin jaki ne a bugi taiki.

Sannan su wa suka riƙe tonon? Da masana kayan tarihi George Dales da Mark Kenoyer suka soma aikinsu a Harappa a 1986, 'yan garin ne suka riƙa haƙa da tankaɗe ƙasa, kuma tare da maginan tukwane na yankin aka gwada yadda mutanen zamanin da suke gasa kayansu. Don haka mafita ita ce a biya mai gona kuɗin filinsa, a ba ɗansa aikin gadi da jagorar baƙi, a ware wa garin kaso daga kuɗin shiga gidan tarihin.