Salsalar Gidajenmu: Wane Layi Ne Zai Hau Gaba?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani aiki da ya rataya a wuyanmu wanda ba ya cikin manhaja kuma ba a ba da maki a kansa, wato rubuta salsalar gidajenmu. A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, asalin gidajen sarauta kamar na Yandakan Katsina da na Maraɗin Katsina yana da masu kiyaye shi, maroƙa da marubuta. To, na manomi fa, da maƙeri, da masaƙi, da makiyayi? Nasu yana cikin kawunan tsofaffi ne kawai, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi. Ga kuma ta'adin 'yan bindiga da ya tarwatsa ƙauyuka da dama a wannan yanki, dangi ɗaya suka watsu garuruwa uku ko huɗu.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna cewa abin da ke bakin dattawa shaida ce da malami zai dogara da ita idan ya auna ta. Ya yi aikinsa da alƙalami da takarda. Mu kuwa, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga mu a ƙofar gidajen dattawan nan, ga jadawalin kwamfuta irin su Excel a hannunmu. Ba mu da hanzari.

Amma fa tara sunaye daban, jera su daban. A nan ne nake ganin da yawa daga cikinmu za su yi tuntuɓe. Bature yakan jera danginsa da sunan iyali, domin sunan nan yana bin jini. Mu ba haka muke ba. Bahaushe da sunan mahaifinsa ake kiransa, ɗansa kuma da nasa, saboda haka sunan yana sauyawa a kowane hawa. Wanda ya shiga makarantar boko kuwa sau da yawa sunan garinsu aka liƙa masa. Duk wanda ya umarci kwamfuta ta jera da suna na ƙarshe, za ta tara masa ɗaruruwan masu amsa Kurfi wuri guda kamar 'ya'yan mutum ɗaya, ta kuma raba wa da ƙani don ɗaya ya rubuta Garba, ɗaya ya rubuta Abubakar. Injin bai yi ƙarya ba. Tambayar banza aka yi masa.

Maganin abin shi ne jerawa da layuka da yawa, bi da bi. Kowane mutum ya sami layinsa na kwance, kowane bayani kuma layinsa na tsaye. Sai a ce wa kwamfuta ta fara da gari ko unguwa, inda aka yi kunnen doki, ta duba gida, sannan hawa, wato kaka ne, ko ɗa, ko jika, sannan mahaifi, sannan mahaifiya, daga ƙarshe shekarar haihuwa. Layi na biyu ba ya magana sai na farko ya kasa raba gardama. Da haka gida zai fito kamar yadda yake a zahiri, ɗaki-ɗaki, babba kafin ƙarami. Kuma tun da Musa ɗan Abdu zai iya kai goma a unguwa ɗaya, wajibi ne a ba kowa lambarsa, a riƙa nuna iyaye da lamba, ba da suna kaɗai ba. Sunan yanka da laƙabi irin su Ɗanladi ko Talatu kowanne da layinsa.

Ina so in ja hankali musamman a kan layin mahaifiya. Salsalar da aka saba ji ta maza ce zalla, wane ya haifi wane. Amma duk wanda ya halarci rabon gado ya san cewa shari'a tana bambanta shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan uwa ɗaya, kuma rabonsu ba ɗaya ba ne. Jadawalin da ya manta da mata ba zai amfani alƙali ba ranar da aka zo rabon gona, balle ya hana auren da shayarwa ta haramta.

Sai batun shekaru. Kakanninmu da zamanin sarakuna suke lissafi: Muhammadu Dikko daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. Wasu kuma da zuwan Turawa a 1903, ko samun mulkin kai a 1960, ko farin 1973. A rubuta maganar tsoho yadda ya faɗe ta a layi ɗaya, a sa ƙiyasin shekarar da alƙaluma a wani layin, domin Excel ba ya gane kwanan watan da ya gabaci 1900 a matsayin kwanan wata. Haka kuma yakan ɓoye alamar da ke farkon suna irin 'Yar'adua. Babban haɗari kuwa shi ne mutum ya zaɓi layin tsaye guda ya jera shi shi kaɗai: nan take 'ya'ya za su koma hannun iyayen da ba nasu ba. A ajiye kwafin asali kafin a taɓa kome.

Na san akwai masu cewa wannan tone-tone ne, zai farfaɗo da gori, a ce wane jikan bawa ne, wane baƙo ne. Damuwarsu tana da tushe. Sai dai gori bai jira kwamfuta ba, kuma ya fi ƙiba inda babu rubutu. Abin da ya kamata shi ne kowane gida ya mallaki nasa jadawalin, kada a fitar da shi sai da yardarsu, kada kuma a buɗe layin daraja. Zumunci muke nema, ba alfahari ba.

Saboda haka ina ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta haɗa kai da malaman tarihi da na kimiyyar kwamfuta, a fitar da tsari guda wanda kowa zai tafi da shi gida a hutu mai zuwa. A kuma buga kome a takarda, domin ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. Mu taka mu je wurin tsofaffinmu tun suna iya ba mu amsa. Allah ya sa mu dace.