Soron da aka gina a kan laka

A ƙarshen arewacin Sikotilan, cikin yankunan Caithness da Sutherland, akwai wani dausayi mai faɗin kusan murabba'in mil 1,500. Ba irin fadamar da ake shuka rake ba ce. Gansakuka ce ke tsirowa cikin ruwan sama da sanyi, ta mutu ba ta gama ruɓewa ba, wata ta hau kanta, har abin ya zama baƙar laka wadda Turawa ke kira fit. Inci guda na lakar nan sai ya ci kamar shekara 25 kafin ya taru, ga shi kuwa a wasu wurare zurfinta ya kai ƙafa 30. Mai lissafi ya auna da kansa.

Fa'idarta ita ce tana riƙe da sinadarin kabon, wanda in ya fita cikin iska yake ƙara wa duniya zafi. Muddin tana jiƙe yana ɗaure. Da ta bushe sai ya kuɓuce.

To, daga wajen 1979 aka shiga yanka lambatu a cikinta ana tsane ruwan, ana dasa itatuwan katako na Amurka, domin gwamnatin Birtaniya tana rage wa mai dashe haraji. Attajirai suka zuba dukiya, da yawansu ba su taɓa taka wurin ba. A 1988 aka soke rangwamen. Yau kuɗi ake kashewa ana sare itatuwan, ana toshe lambatun. Ɗan kasuwa ya san sunan irin wannan ciniki.

Abin da ya cancanci yabo shi ne ginin da aka yi a Forsinard, inda ƙungiyar kiyaye tsuntsaye ta RSPB ta sami fili a 1995. Ɗakin tashar jirgin ƙasa na da shi aka mai da wurin karɓar baƙi. A 2015 aka gama wani dogon soro na hange, an lulluɓe shi da katako. Ba a haƙa masa rami an zuba siminti ba, sai aka kafa siraran turaku suka ratsa lakar har ƙasa mai tauri, soron ya zauna bisansu, ruwa yana kai da kawowa a ƙarƙashi. Hanyar zuwa gare shi ma ta alluna ce aka shimfiɗa.

Wasu za su ce duk gini a wuri irin wannan ɓarna ne, kuma maganarsu tana da fuska. Amma hakika wanda bai san abu ba ba ya kishinsa, kuma jahilcin darajar lakar shi ya sa aka yanka ta tun farko. Mutum a tsaye a ƙasa ciyawa kaɗai yake gani. Sai ya hau soron sa'an nan tafkuna ƙanana suke bayyana masa jere, ya gane yadda ruwa yake kwance. Malamin da ya taɓa fassara wa almajiri kalmar teku, almajirin bai taɓa barin Sakkwato ba, ya san wuyar wannan. Hanyar allunan kuwa ta tsare ƙafafun 'yan makaranta a layi guda, maimakon kowa ya tattaka inda ya ga dama.

A watan Yuli na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da dausayin cikin wuraren gado na duniya. Baƙi za su ƙaru, masu neman gina masaukai ma za su ƙaru, kuma ya kamata hukuma ta auna kowane ɗayansu da ma'aunin soron Forsinard kafin ta ba shi izini.