Ɗalibanmu Ba Su San Sunan Tsuntsu Ba, Laifin Wa?

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, wani abu ne ya tsaya mini a rai tun watan Maris, lokacin da wani abokin aikina, malamin kimiyyar halittu, ya ja ni rakiyar ɗalibansa kallon tsuntsaye a Dagona, kusa da Gashuwa a Jihar Yobe. Da ya fara yi mini maganar dariya na yi, na ce yanzu da girmana, a tsakiyar zafin bazara, in bar inuwa in tafi leƙen tsuntsu kamar yaro mai danƙo? Ya ce in dai zo.

Ashe ba a banza ya zaɓi lokacin ba. Dausayin Haɗeja da Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai, su keto Sahara, su yi watanni a wurinmu. Idan Maris ya kama ruwa ya ja baya, sai su taru a 'yan tafkunan da suka rage suna ci babu ƙaƙƙautawa, domin da kitsen jikinsu za su sake ƙetare hamada. Duniya ta san wurin: Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Ni kuwa da nake koyar da Hausa, ban taɓa taka wurin ba sai ranar.

Abin da ya dame ni a cikin kwalekwale ya faru. Tun asuba yaran nan suke karɓa-karɓar tabarau mai hangen nesa, suna buɗe littafi, suna kiran sunaye da Turanci da Latin babu gargada. Sai dattijon da ke tuƙa mu ya nuna wasu agwagin ruwa masu farar fuska da suka tashi suna fito, ya ce da wata ɗaliba, "'Yata, mene ne sunan waɗancan?" Ta faɗa da Turanci. Ya ce, "A'a, da bakin uwarki." Shiru. Ya ce kirinjijiya ke nan. Ya nuna dinya, ya nuna zalɓe tsaye a bakin ruwa kamar mai jiran bashi, duk shiru. Balbela kaɗai suka sani. Wani ɗalibi ya juyo ya ce, "Malam, kai fa?" Na tsira da biyu, sauran na sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa na yi ta tuno littattafan da muke rubutawa muke karantawa. Jaruma ta fito lambu, "tsuntsaye suna ta kuka gwanin daɗi." Waɗanne tsuntsaye? Marubucin da zai cika shafi guda yana lissafa mana leshi da turare da irin motar Alhaji, ba zai iya cewa kurciya ce ko hasbiya ko suda ba. Kakanninmu da suka saka gauraka da burtu da cilakowa a tatsuniya sun san su ido da ido, shi ya sa maharbi ya san kan burtu zai ɗaura in yana son dabba ta sake da shi.

Na san za a ce wannan aikin marasa abin yi ne, ana fama da kuɗin makaranta da tsaron hanya. Wani manomi ma ya ce mana shi tsuntsun da ya sani jan baki ne, mai cinye masa shinkafa da gero. Gaskiyarsa. Amma da aka zauna da shi, shi da kansa ya kai mu ga tushen: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadama ta canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, a cikinta kuma jan baki ke kwana. Kenan abin da ya rage wa baƙin tsuntsaye masauki shi ne ya hana masunci kifi, ya hana manomi girbi. Yaran sun ji wannan a awa guda, daga bakin mai abin.

Ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta. Da muna yara korarsu ake yi. A 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Yaron da bai taɓa ganinta ba, me zai fahimta in aka ce masa ungulu ba ta jewar banza?

Ra'ayina shi ne kada a bar wa sashen kimiyya wannan fita shi kaɗai. Sashen Hausa ya shiga motar, a tafi da littafin rubutu, a biya dattijo ladan bakinsa. Ba sai an je Dagona ba ma. Baƙin Turai na tafiya shamuwa ke isowa daga kudancin Afirka gabanin damina, ta yi sheƙa a tsakiyar ƙauyukanmu. Na riga na ba 'yan ajina aiki: kowa ya ƙirgo sheƙunan shamuwa na garinsu, ya kawo sunayen tsuntsaye 20 daga bakin kakarsa. Ɗalibar nan ta kwalekwale ba 'yar ajina ba ce, amma ita ta fara kawo nata.