Wa Zai Gano Cutar Da Ke Jininmu?

'Yan uwa matasa, ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969, madubin likita ba ya ganin ta. Sai an juya jini a na'ura, a ware ruwansa, a fasa rigar ƙwayar da sinadari, a kama zaren halittarta a jikin silika, a wanke, sannan na'urar PCR ta ninninka shi. Zaren nan kuwa zafi na lalata shi. To, jinin da aka ɗiba a Bungudu ya yini a hanya ba ƙanƙara, me zai nuna? Sai a ce ba cuta, alhali mutum na mutuwa! Lallai mu nufi kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe. Asibitocin Gusau na buƙatar ƙwararru. Allah Ya taimake mu.